JIHAR KUROS RIBA: DAGA BAKIN TEKU ZUWA KAN DUTSEN OBUDU

Wanda ya buɗe taswirar Nijeriya ya dubi kusurwar kudu maso gabas, inda ƙasar nan ta yi iyaka da Kamaru, zai ga wata jiha doguwa, ƙafarta cikin ruwa, kanta bisa duwatsu. Ita ce Jihar Kuros Riba, wadda hedkwatarta ke birnin Kalaba. Daga arewa ta yi iyaka da Jihar Binuwai, daga yamma da Ebonyi da Abiya, daga kudu maso yamma da Akwa Ibom, sa'an nan gabashinta duka Jamhuriyar Kamaru ce. Faɗinta ya ɗan haura murabba'in kilomita 20,000, watau kusan daidai da Jihar Kano, tana da ƙananan hukumomi 18, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta ba ta mutum wajen miliyan 2.9.

An ƙirƙiro jihar ranar 27 ga watan Mayu 1967, sa'ad da Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kasa Nijeriya jihohi 12. A lokacin sunanta Jihar Kudu Maso Gabas. A watan Fabrairu 1976, zamanin Janar Murtala Muhammed, aka sake mata suna da sunan babban kogin da ya ratsa ta. A watan Satumba 1987 kuma aka yanke Jihar Akwa Ibom daga jikinta, ta tafi da yawancin gaɓar tekun da suke da ita tare.

A littattafan makaranta ana lissafa Kuros Riba cikin jihohin bakin teku. Amma fa labarin ya ɗan sake tun daga 2008, lokacin da aka gama miƙa wa Kamaru tsibirin Bakassi, aka kuma raba jihar da rijiyoyin man da take taƙama da su. Abin da ya rage a hannunta shi ne kurmi, da duwatsu, da gonaki, da tarihi. Waɗannan su ne jarinta yanzu, kuma jari ne irin wanda in an yi sakaci da shi ba ya komowa.

YADDA ƘASAR TAKE

Ƙasar Kuros Riba hawa-hawa ce kamar matakala. A can ƙasa, kudu da Kalaba, babu abin da ido ke gani sai ruwa da laka da wasu itatuwa masu tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo. Nan ne mahaifar kifi da jatan lande, nan ne kuma masunta ke kafa bukkokinsu bisa turaku. Da an ɗan yi arewa sai a shiga ƙungurmin kurmi, wanda ya rufe duwatsun Oban ya miƙe har ƙasar Boki. Daga wajen Ogoja kurmin yakan fara sakin jiki, ciyawa ta yawaita, ƙasa ta koma kama da ta Binuwai. A ƙarshe, can arewa maso gabas, duwatsun Sankwala suka tashi sama, a kansu ne tudun Obudu yake.

Kogin da jihar ta ci sunansa daga duwatsun Kamaru ya taso, inda ake kiransa Manyu. Yakan shigo Nijeriya kusa da Ikom, ya yi yamma ya wuce Obubra, sa'an nan ya karya kudu ya tafi teku, tafiyar da ta kusa kilomita 500. Kafin zuwan mota shi ne babban titin ƙasar. Ta kansa doya da manja ke gangarowa cikin kwale-kwale, ta kansa gishiri da tufafi ke haurawa.

Game da ruwan sama, Kalaba takan sami kimanin milimita 3,000 a shekara, watau fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Damina takan fara tun watan Maris ko Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Nuwamba. Saboda haka ne ake noman kwakwar manja da roba a kudu, koko a Ikom da Etung da Boki, doya da shinkafa da rogo a tsakiya da arewa. A Mfamosing, cikin Ƙaramar Hukumar Akamkpa, akwai dutsen da ake yin siminti da shi, an kuma kafa babbar masana'antar siminti a wurin.

Mutanen jihar ba harshe ɗaya suke yi ba. A Kalaba da kewayenta akwai Efik da Kwa da Efut, kowa da basarakensa: Obong na Efik, Ndidem na Kwa, Muri Munene na Efut. A tsakiya akwai Ejagham da Yakurr da Mbembe, a arewa kuwa Boki da Bekwarra da Yala da Bette, ban da sauran ƙananan ƙabilu masu yawa. Sau da yawa tafiyar rabin sa'a cikin mota ta isa mutum ya bar wani harshe ya shiga wani.

KALABA, TSOHUWAR TASHA

An gina Kalaba bisa tudu, tsakanin Kogin Kalaba daga yamma da Kogin Kwa daga gabas. Ba a bakin teku take ba sosai, sai jirgi ya hauro kogi ya yi tafiyar wajen kilomita 80 kafin ya iso tasha. Wannan ne ya sa ta zama mafaka mai kyau ga jiragen da, shi ne kuma ya zame mata ciwon kai a zamanin manyan jirage, domin yashi yakan cike hanyar, sai an riƙa yashewa da kuɗi mai yawa.

Asalin birnin 'yan garuruwa ne na Efik da ke bakin kogi, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunayen Duke Town da Creek Town da Old Town da Henshaw Town. Tun ƙarni na 17 jiragen Turawa ke zuwa nan sayen bayi, kuma a ƙarni na 18 Kalaba ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin wannan mugun ciniki a Afirka ta Yamma, musamman ga fataken Libaful da Biristol na Ingila. Attajiran Efik su ne dillalai. Sukan karɓi kaya bashi daga hannun masu jirage, su aika cikin ƙasa, a kawo musu mutane. Abin da ke tsare wannan amana shi ne ƙungiyar Ekpe, watau ƙungiyar damisa, wadda ita ce kotu, ita ce 'yan doka, ita ce mai karɓo bashi. Ƙungiyar tana da wasu alamomin rubutu da ake kira Nsibidi, waɗanda suka riga bokon Turawa zuwa ƙasar. Bayin da aka kwasa daga wannan yanki sun tafi da Ekpe har ƙasar Kuba, inda ta rayu da sunan Abakua har wa yau.

Da Ingila ta hana 'yan ƙasarta cinikin bayi a 1807, sai sannu a hankali fatauci ya koma kan manja, wanda masana'antun Turai ke bukata don yin sabulu da shafa wa injuna. A watan Satumba 1884 sarakunan Kalaba suka sa hannu a kan yarjejeniyar shiga ƙarƙashin kariyar Ingila. Daga nan birnin ya zama mazaunin mulkin Turawa na yankin kogunan manja, daga baya kuma na Kudancin Nijeriya, har zuwa 1906 da aka mai da hedkwata Ikko. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutanen Kalaba ke cewa garinsu ne babban birnin Nijeriya na farko. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ko da yake a lokacin ba a riga an haɗa Kudu da Arewa ba, sai a 1914.

Baƙon da ke son ganin wannan tarihi da idonsa, sai ya fara da tsohon gidan Razdan da ke kan tudun gwamnati. Gidan bene ne na katako wanda aka ƙera a Birtaniya, aka ɗauko shi gunduwa-gunduwa cikin jirgi, aka harhaɗa a 1884. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne na Gwamnatin Tarayya, cike da takardu da hotuna da kayan cinikin bayi da na manja. Daga barandarsa ana hango kogi shimfiɗe, da kurmin da ke hayinsa. A bakin ruwa kuma, a wurin shaƙatawa na Marina, akwai wani gidan tarihi da aka keɓe wa cinikin bayi kaɗai.

Kamar yadda Lakwaja ta zama wurin da Turawa ke kai sarakunan Arewa da suka tuɓe, irin su Sarkin Kano Alu, haka Kalaba ta zama ga na Kudu. Nan aka kawo Oba Ovonramwen na Binin bayan an ci birninsa da yaƙi a 1897, nan kuma ya rasu a 1914 bai sake ganin gida ba.

Ilmin boko ya shigo Kalaba da wuri. A 1846 wani ɗan mishan mai suna Hope Waddell ya sauka a nan, kuma makarantar da aka kafa da sunansa a 1895 tana nan tana aiki. Dokta Nnamdi Azikiwe da Dokta Akanu Ibiam na cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta. Masu bin tarihin wasanni sun ce a filinta ne aka buga wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya, a 1904, tsakanin 'yan makarantar da ma'aikatan wani jirgin yaƙin Ingila. Har ila yau a Kalaba kabarin Mary Slessor yake, baturiyar Sikotlan da ta zo a 1876, ta zauna cikin mutanen Okoyong, ta yi fama da al'adar kashe tagwaye, ta rasu a 1915. Gidanta na Akpap Okoyong yana nan ana ziyarta. Jami'ar Kalaba kuwa an kafa ta a 1975, kuma filin jirgin saman birnin yana ɗauke da sunan Margaret Ekpo, ɗaya daga cikin matan da suka yi gwagwarmayar neman 'yancin Nijeriya.

Ɗan Arewa ba ya rasa masauki a Kalaba. Unguwar Bogobiri da ke tsakiyar gari tsohon zangon Hausawa ne, da masallacinta da 'yan canji da masu tsire. Wanda kuma yake son ɗanɗana girkin 'yan ƙasa, miyar afang da miyar edikang ikong, waɗanda ganye ne zalla da kifi da manja, sun yi suna a Nijeriya duka.

MAGANAR BAKASSI

Bakassi wani zirin ƙasa ne mai laka da ƙananan rafuka a bakin kogi, gabas da inda Kogin Kuros ya faɗa teku. Mazaunansa yawancinsu masunta ne 'yan Nijeriya, kuma shekara da shekaru daga Kalaba ake mulkinsa. Amma Kamaru ta ce nata ne, ta kai ƙara Kotun Duniya da ke birnin Heg a 1994. Nijeriya ta dogara da yarjejeniyar 1884 da kuma zaman mutanenta a wurin. Kamaru ta dogara da yarjejeniyar da Ingila da Jamus suka yi a watan Maris 1913, wadda ta sa Bakassi a ɓangaren Jamus. Ranar 10 ga watan Oktoba 2002 kotu ta ba Kamaru gaskiya. A watan Yuni 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Paul Biya suka sa hannu a kan yarjejeniyar Greentree a Amurka, aka janye soja, sa'an nan ranar 14 ga watan Agusta 2008 aka yi bikin miƙa mulki a Kalaba.

Abin bai tsaya nan ba. Da Bakassi ya tafi, sai aka ce Kuros Riba ba ta da sauran fuska a babban teku, saboda haka ba ta da haƙƙin rijiyoyin man da ke cikin ruwa. A watan Yuli 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyi 76 da jihohin biyu ke jayayya a kansu. Ta haka Kuros Riba ta rasa rabonta na kashi 13 cikin ɗari da tsarin mulki ya ba jihohi masu mai, ko da yake gwamnatocin jihar da suka biyo baya sun ci gaba da neman a sake duba al'amarin. Dubban masunta kuma suka baro gidajensu suka komo wajen Ikang, inda da yawansu suka daɗe suna jiran matsuguni na dindindin.

GARURUWAN KAN HANYA

Babbar hanyar da ta tashi daga Kalaba ta yi arewa ita ce ƙashin bayan jihar. Bayan Akamkpa, wadda mafaɗar ruwa ta Kwa ke cikin ƙaramar hukumarta, sai Ugep, babban garin Yakurr. Ugep ta shahara da bikin sabuwar doya da ake kira Leboku, wanda ake yi cikin watan Agusta. Kafin bikin ba a cin sabuwar doya a gari. Ran biki 'yan mata sukan fito da mundayen ƙarfe tun daga idon sawu har gwiwa, manoma kuma su baje doyarsu a gwada ta wa ta fi girma.

Gaba da Ugep sai Ikom, garin koko da ayaba, wanda ke bakin Kogin Kuros. Daga nan hanya ta rabu zuwa Mfum, kan iyakar Kamaru, inda aka buɗe sabuwar gada a 2022. Kusa da Ikom, cikin Ƙaramar Hukumar Etung, mafaɗar ruwa ta Agbokim take. A nan ruwa ya rabu gida bakwai yana zubowa daga kan dutse cikin wani kwari mai duhuwa. Wanda ya san Gurara ko Matsirga ta Kafanchan zai gane irin abin, sai dai a Agbokim kurmi ne ya kewaye wurin, kuma da damina ƙarar ruwan takan hana mutum jin maganar na kusa da shi.

Amma abin da ya fi ba masana mamaki a ƙasar Ikom shi ne sassaƙaƙƙun duwatsun nan da 'yan ƙasa ke kira Akwanshi ko Atal. Duwatsu ne a tsaye, wasu ba su kai gwiwa ba, wasu sun kusa mita 2, an sassaƙa wa kowanne fuska da gemu da cibiya da zane-zane, an jera su a da'ira a ƙauyuka irin su Alok da Emangabe. Mutanen Bakor sun ɗauke su a matsayin siffofin kakanninsu, kuma a wasu wurare sukan shafa musu launi su ba su sabuwar doya kowace shekara. Wani jami'in gandun daji mai suna Philip Allison ya zagaya ya ƙidaya kusan 300 a 1961 da 1962. Daga wancan lokaci an sace wasu, musamman zamanin yaƙin basasa da bayansa, har aka riƙa ganinsu a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Waɗansu kuma wutar daji ce ke farfasa su, domin manoma na cinna wa gona wuta a inda suke. A 2007 Nijeriya ta sa su cikin jerin wuraren da take neman Hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya.

Daga Ikom hanya ta wuce Ogoja, wadda ta kasance hedkwatar lardi zamanin Turawa. Gari ne na doya da shinkafa, kuma ƙofar jihar ce ga mai zuwa daga Arewa. Tun daga 2018 yankin ya karɓi dubban 'yan gudun hijira daga ɓangaren Kamaru mai magana da Ingilishi.

KURMI DA NAMUN DAJI

Masana sun yi kiyasin cewa wajen rabin abin da ya rage wa Nijeriya na ƙungurmin kurmi a Kuros Riba yake. Domin tsare shi ne Gwamnatin Tarayya ta kafa Gandun Daji na Ƙasa na Kuros Riba a 1991, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 4,000. Gandun kashi biyu ne. Ɓangaren Oban yana kudu, ya haɗe da gandun Korup na Kamaru. Ɓangaren Okwangwo yana arewa, ya haɗe da gandun Takamanda. A ciki akwai giwar kurmi, wadda ta fi ta Yankari ƙanƙanta, da birai iri-iri, da tsuntsaye da malam-buɗe-littafi waɗanda ba a samun irinsu a wani wuri a ƙasar nan.

Mafi daraja cikin namun shi ne goggon birin Kuros Riba. Ba a samunsa ko'ina a duniya sai a duwatsun da ke tsakanin wannan jiha da Kamaru, kuma an yi kiyasin waɗanda suka rage ba su wuce 300 ba. Dabba ce mai gudun mutane ƙwarai, har masu bincike sukan yi shekaru ba su gan ta ido da ido ba, sai dai sheƙar da take yi da ganye ta kwana, ko hoton da na'urar da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauka. A Nijeriya wuri uku take zaune: Okwangwo, da Dutsen Afi, da duwatsun Mbe. Abin sha'awa game da Mbe shi ne ƙauyuka 9 da ke kewaye da duwatsun su ne suka haɗa kai suke tsaron wurin, aka ɗauki tsofaffin maharba aikin gadi.

A gindin Dutsen Afi akwai wurin da ake renon wani irin biri mai baƙar fuska da Turawa ke kira diril, wanda shi ma ya kusa ƙarewa. Yawancin kakannin biran da ke wurin marayu ne da aka karɓo daga hannun mutane bayan maharba sun kashe iyayensu. Kusa da nan, a Boje, tsattsewa sukan taso daga Turai lokacin sanyin can, su taru su kwana cikin ciyawar gangaren dutse, har da magariba sai su rufe sama kamar hadari.

Duk da haka kurmin yana raguwa. Masu yankan katako ba da izini ba suna shiga da zarto mai inji, manoma suna sare daji don dasa koko da ayaba, masu haƙar ma'adinai su ma sun kutsa. A 2008 gwamnatin jihar ta hana saran katako, amma hanin bai tsai da ɓarnar ba, domin ma'aikatan gandu kaɗan ne, daji kuwa da faɗi, katako kuma da tsada. A 2015 aka ƙaddamar da shirin wata babbar hanya mai tsawon kilomita 260 daga kudu zuwa arewacin jihar, wadda da farko aka tsara za ta bi ta kusa da gandun, sai da ƙauyuka da masana suka yi ta kuka kafin a sake mata layi.

TUDUN OBUDU

Daga garin Obudu, tafiyar wajen kilomita 60 ce zuwa gindin dutse, cikin Ƙaramar Hukumar Obanliku. Daga nan hanya ta fara hawa, tana nannaɗewa kamar maciji, kilomita 11 da kwana fiye da 20. A sama, mita kusan 1,600 bisa teku, mutum zai tarar da wata duniya dabam: tuddai masu gajeriyar ciyawa, da hazo mai saukowa ya rufe hanya da tsakar rana, da sanyin da ke sa a nemi bargo. Wanda ya taɓa hawa Mambila ba zai ji baƙunci ba.

Sanyin nan ne ya hana ƙudan tsando zama, shi ya sa a 1951 wasu Turawan Sikotlan suka kafa wurin kiwon shanu a kan tudun, aka riƙa samun madara da man shanu a yankin da sammore ke hana kiwo. Sannu a hankali wurin ya zama masaukin masu hutu. Zamanin Gwamna Donald Duke, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, aka sabunta shi, aka gina ɗakuna, aka kuma kafa wasu 'yan kekuna masu tafiya bisa igiyar ƙarfe, masu ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa ƙoli, tafiyar kilomita 4. A 2005 aka fara tseren hawan dutse na duniya a wurin, wanda na ɗaya ke cin dalar Amurka 50,000, aka yi shekaru 'yan tseren Habasha da Kenya da Turai suna zuwa.

A wannan zamani ne kuma, a 2004, aka fara bikin kalankuwar Kalaba na watan Disamba, inda ƙungiyoyi ke fitowa cikin ado suna rawa a titi, tafiyar kilomita 12. A 2007 aka buɗe Tinapa, wata katafariyar kasuwa da wurin shaƙatawa a bakin Kogin Kalaba, wadda aka yi fatan za ta janyo 'yan kasuwar da ke tafiya Dubai sayayya.

ABIN DA YA RAGE A YI

Daga cikin waɗannan, bikin kalankuwa ne kaɗai ya riƙe ƙarfinsa. Tinapa ba ta sami cinikin da aka zata ba, aka bar jihar da bashi, manyan rumfunanta suka yi shekaru a rufe. Kekunan igiya na Obudu sun daɗe a tsaye saboda rashin gyara, tseren dutse ya tsaya, hanyar Kalaba zuwa Obudu kuma, mai tsawon fiye da kilomita 300, takan lalace ta mai da tafiyar rabin yini ta zama ta yini guda. Gini ba shi ne da wuya ba. Abin da ke da wuya shi ne a ware kuɗin gyara kowace shekara, a biya mai gadi albashinsa kan kari, kuma gwamnatin da ta zo ta riƙe abin da ta tarar ko da ba ita ta fara shi ba. Wannan darasi ne ga ma'aikatan kowace jiha mai wurin tarihi ko gandun daji a hannunta.

Bambancin kurmi da gini shi ne, ana iya sake gina ɗakin da ya rushe, amma itacen da ya shekara 200 in an sare shi sai jikokin jikoki. Haka nan dutsen Akwanshi da wuta ta fasa, da goggon birin da aka harbe. Jihar da ta rasa man fetur ba ta da abin da ya fi waɗannan daraja, saboda haka ya kamata Gwamnatin Tarayya da ta jiha su ƙara yawan masu gadin daji, su kuma tabbata ƙauyukan da ke zaune a bakin gandu suna samun rabonsu daga kuɗin da baƙi ke biya. Misalin Mbe ya nuna cewa mutane sukan tsare abin da suke ci daga gare shi.

Ga mai niyyar zuwa daga Arewa, hanya mafi sauƙi ita ce ta Makurɗi da Gboko. Daga nan mai son Obudu sai ya bi ta Vandeikya, mai son Kalaba kuwa ya bi ta Katsina-Ala da Ogoja da Ikom. Akwai kuma jirgin sama daga Abuja da Ikko. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ko da yake mai son ganin Agbokim da cikar ƙarfinta sai ya zo ƙarshen damina. Shiga gandun daji sai da izini da ɗan rakiya daga ofishin gandun da ke Akamkpa. Ɗalibin da aka tura jihar aikin yi wa ƙasa hidima yana da shekara guda cur a hannunsa, kuma ta ishe shi ya ga Kalaba da Alok da Afi da Obudu kafin ya karɓi takardarsa ya komo gida.